Rigar da Zulai Ba Ta Taɓa Sawa Ba

Yau shekara tara ke nan da rasuwar yayata, Malama Binta, kuma har yanzu in an ambaci sunanta a Dilimi sai wani ya ce, "Au, mai rawar 'yan Sin?" Karatun harshe ne ya kai ta ƙasar Sin. Ta dawo da takardarta, ta kuma dawo da abin da ba wanda ya aike ta: rawarsu ta gargajiya. Wata makarantar 'yan mata a Jos Jarawa ta ba ta aji duk Asabar. Ni kuwa tela ce, don haka ɗinkin kayan rawar ya faɗo kaina ba shawara.

Yaya ba ta barin yarinya ta zaɓi rawarta. Sai ta yi wata guda tana lura da ita, yadda take tafiya, da inda take kai idonta in ana mata magana. Daga nan ta ce wannan rawar lema za ta yi, waccan rawar mafici. Iyaye su yi ta ƙorafi, ko a jikinta. Ni ma na sha ce mata mulkin mallaka take yi, sai ta yi dariya.

Ban san zafin abin ba sai da ya zo kan 'yata Zulai. Tana ƙarama ruwan zafi ya ƙone mata hannun dama, ya bar babban tabo. Ta taso tana ɓoye shi cikin hijabi, ko abinci ba ta ci a gaban baƙi. Da ta shiga ajin na yi murna, domin akwai wata rawa da ake sa riga mai hannuwa dogaye har ƙasa, ana wurga su sama. Na ce Allah ya kawo mana rufin asiri. Ban tambayi kowa ba na sayi farin yadi na ɗinka.

Yaya ta ɗaga rigar, ta yaba ɗinkin, ta ninke ta miƙo min.

"Ajiye kayanki, Asabe. Zulai rawar mafici za ta yi."

A wannan rawar hannu a fili yake, kuma shi kowa ke kallo. Na ce, "Haba Yaya, so kike a yi mata dariya?"

Ta ce, "Ke tabo kike gani. Ni wata guda ina kallon wuyan hannunta, duk ajin ba mai juya shi kamarta. In na rufe mata shi yau, ta rufe ke nan har abada."

Raina ya ɓaci ƙwarai, sati uku ban taka gidanta ba. Ranar da suka yi wasa a gaban jama'a na zauna can baya kusa da ƙofa, don in an fara dariya in sulale. Ana tsakiyar rawa maficin ya suɓuce wa Zulai. Ta sunkuya, ta ɗauke shi da hannun nan, ta ci gaba. Ba wanda ya yi dariya. Ni ce na yi kuka. Amma ban taɓa buɗe baki na ce wa Yaya ta fi ni gaskiya ba. Ina ta cewa gobe, har ciwo ya kwantar da ita. Wannan yana ci na har yau.

Yanzu zamani ya sauya. Yarinya za ta zo aji da waya ta ce, "Anti, wannan rawar nake so," kuma kullum mai tsalle da juyi ce, wadda za a ɗauka a watsa. Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce. Ba na jin za ta tsani wayar, ita da ta sha wahalar neman faifan kiɗa. Sai dai na san za ta karɓa ta kife ta a tebur, ta ce yarinyar ta tashi ta yi tafiya tukuna.

Faya-fayanta sun lalace, lemominta sun yage. Ajin kuwa yana nan, Zulai ce ke riƙe da shi, da taurin kan iri ɗaya. Farar rigar ma tana ƙasan akwatina.

Makon jiya Zulai ta kawo min ɗinkin wata ɗalibarta mai ɗigon fari a hannu. Na ga yarinyar tana jan mayafi tana rufewa, zuciyata ta karye, na ce akwai wata riga a akwati da za ta yi mata daidai.

Zulai ta ɗora hannunta mai tabo a kan keken ɗinkina. "Umma, hannun rigarta iya gwiwar hannu za ki yanka."

Na ɗauki almakashi. Allah ya jiƙanki, Yaya. Kin fi ni gaskiya.