Tsibiri Ake Cewa

Duk sanda ƙanena ya sake turo hotunan tafiyarmu Farasan sai raina ya ɓaci. Ga ruwa shuɗi, ga rairayi fari tas, yara na ta dariya, can gefe kuma Innarmu zaune da jarkar zamzam a gabanta. Ni jarkar nan kawai nake gani.

A Makka aka haife mu duka, amma shi Hausarsa iyakarta gaisuwa da sunan abinci. Shi ya je unguwar Misfala ya sami Inna ya ce, "Yumma, hutun nan Jazira zan kai ki." Tsibirin Farasan yake nufi, kalmar Larabcin ce kaɗai a bakinsa. Inna kuwa Jazira ɗaya ta sani a duniya, ta Sudan, ƙasar gonakin auduga inda aka haife ta. Can ta bar ƙanwarta ta hau jirgin ruwa zuwa Jidda tana budurwa. Tun da yaƙi ya isa garinsu wayar ƙanwar ta daina shiga.

Ni ina unguwar Aziziyya, aka ce mini za a je shan iska bakin teku, na haɗa kayana. Ba wanda ya gaya mini abin da tsohuwar nan ta ɗauka a ranta.

Shi kuwa ga iya tsari. Ya kai mota gareji, ya sake tayoyi, ya sayo maganin amai saboda jirgi. Kafin mu tashi sai da ya jera mu ya yi mana huɗuba: kowa ya riƙe iƙamarsa, wato katin izinin zama, ba tafiyar dare, kada wanda ya rabu da jama'a. Inna na ta gyaɗa kai. Ashe duk ta ɗauka saboda yaƙi yake wannan kaffa-kaffa. A hanyar Jizan, inda za mu hau jirgin ruwa, ta taɓa ni ta ce, "Ɗan'uwanki namijin duniya ne." Na yi dariya, na zaci tuƙi take yabawa.

Sai da jirgi ya bar gaɓa ta buɗe jakarta. Dabino, turaren wuta, da sabuwar abaya a ninke. Ta ɗaga abayar ta ce, "Kina ganin za ta yi mata? Ban sani ba ko ta rame."

"Wa, Inna?"

"Ƙanwata mana. Wa nake da shi a Jazira?"

Na haura sama na tarar da gogan naku yana ɗaukar hoto. Na ce, "Kai, ka san inda Inna take zaton za mu?"

Ko waiwayowa bai yi ba. "Na gane daga baya, Yaya. Halas, shi ke nan, an riga an kama ɗakuna. In ta ga bahar za ta manta."

Za ta manta! Matar da take kwana da waya a ƙarƙashin matashi? Na wanke shi tas a gaban mutane, ban ji kunyar kowa ba. Na ce ka tuna da taya, ka tuna da amai, uwar da ta haife ka ce ba ka iya zama ka saurara ba? Sauka ka gaya mata da bakinka. Ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. Wai in bari mu isa lafiya tukuna.

Ba ta jira kowa ya gaya mata ba. Da aka fara hango ƙasa ta ce, "Da muka zo, kwana muka yi a ruwa." Muka sauka, ta dubi gabas ta dubi yamma, ba gona, ba kogi, sai duwatsu da jiragen masunta. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta kira shi.

Na so ta zage shi, wallahi na so. Sai kawai ta ce, "Wannan ce Jazirar taka?"

Ya sunkuyar da kai. "E, Yumma."

"Tsibiri ake cewa. Ka riƙe, ka koya wa 'ya'yanka."

Ba ta ƙara ko kalma a kai ba. Ta sa rigar ceto da aka ce ta sa, ta ci kifin da aka ba ta. Abu ɗaya ta tambayi wani masunci, ta ina Sudan take. Ya nuna mata da hannu, ta juya kujerarta can.

Jarkar ta dawo Makka tare da mu ba a buɗe ba. Tana ƙarƙashin gadonta a Misfala tare da abayar. Ga zamzam nan a Harami, ƙafa ma kai ta take yi, amma waccan ta hana kowa taɓawa. Ta ce tana da mai ita.