Ƙarfasa Mai Ƙugiya

Shekarar da Yayana ya karye, ni ce mai shiga ɗakinsa da kwano in fito da kwano, abincin yana nan yadda na kai shi. A hanyar Warra abin ya faru. Ya ɗauko kwandunan busasshen kifi a babur, saniya ta faɗo titi, ya kauce mata ya faɗa rami, cinyarsa ta dama ta karye. An yi aiki an sa ƙarfe. Bayan wani lokaci likita ya ce ƙashi ya kama, saura ya tashi ya riƙa takawa, in ba haka ba ƙafar za ta sandare. Yaya ya ji, ya juya fuskarsa bango.

Mutumin da in yana gida har maƙwabta sai sun sani, ya koma ba ya ɗaga waya, ba ya fitowa ko ƙofar ɗaki, ba ya son jin sannu. A kan sannun ban ga laifinsa sosai ba, don wasu masu dubiya ba sa tashi sai sun ba ka labarin wani da ya yi irin karayarka bai ƙara tafiya ba. Amma tsoro nake ji, tsoro na gaske, kada ya ƙare a kan katifar nan yana da shekara talatin da 'yan kai.

Yana da aboki tun na yarinta da ke aiki a Abuja. Tare suka sha duka a kan maƙalewa a shagon gem, wato wasan bidiyo, na bakin kasuwar Yelwa. Shi ya aiko direba da kwali, a ciki akwai na'urar wasa da hannayenta biyu, sannan ya kira ni. Ya ce in haɗa ta da intanet ɗin gidanmu su riƙa buga ƙwallo, shi daga can, Yaya daga nan. Ya ce, "Wayata ce ba ya ɗagawa. Amma na san halinsa, ba zai iya kallo ina zura masa ƙwallo ya yi shiru ba."

Na kai talabijin ɗakin Yaya na jona komai. Ya dubi na'urar ta wutsiyar ido ya ce, "In ta haɗu." Wannan ce magana mafi tsawo da na samu daga bakinsa a makon.

Ni ba ruwana da ƙwallo, ta fili ko ta cikin gilashi. Amma ina da taurin kai, kuma na ɗauka aikin ɗan lokaci ne. Rautar gidanmu, wato ɗan akwatin da ke raba mana intanet, tana rataye a tagar falo, don nan kaɗai take kama sabis mai kyau. Ta Baba ce. Baba tsohon malamin Hausa ne, ya yi ritaya amma jan bironsa bai yi ba. Ko saƙon waya ka tura masa ka rubuta "kofa", sai ya fara gyara maka kafin ya amsa abin da ka tambaya. Shi ya sa wa rautar kalmar sirri, kuma shi yake karɓar wayar kowa ya shigar da hannunsa. Da na ce masa wannan karon a talabijin za a rubuta, ya rage murya kamar mai ba da laƙani ya ce, "Ƙarfasar Warra. A haɗe, ba babban baƙi."

Na rubuta. Na'urar ta yi ta juya wani ɗan zobe, sannan ta ce ba ta haɗu ba. Na sake, na sake. Na kashe rautar na kunna. Na cire layin na goge shi da bakin mayafi na mayar. Na ce ko bango ne ya tare, na ciro rautar na kawo ta har gefen katifar Yaya, sai sabis ɗin ya gudu gaba ɗaya. Na kira abokin, ya sa na canza wasu lambobi a cikin saitin na'urar, na canza, na mayar da su yadda suke. Inna tana tankaɗe a tsakar gida tana ganin shige da ficena, ta ce, "Ke, bar abin ga shi huta mana. Ko mutum anka dama haka, ƙi za shi yi." Na ce mata ba ya gajiya, ni ce nake gajiya.

Kwanaki suka tafi a haka. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wayoyin gidan kaf suna kan intanet ɗin lafiya lau, har ta Inna da ba ta komai da ita sai sauraren karatu. Wata safiya na shiga da koko, Yaya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ki maishe shi cikin kwalinai. Direban na komawa gobe." Na ce ya ba ni yau. Ya ce in yi yadda na ga dama. Na fito na zauna a bakin rijiya, haushi ya cika ni har wuya, na rasa wa zan zaga tsakanin na'urar da saniyar.

A cikin haushin nan ne na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na ce bari in gwada a wayata in gani. Na sa ta manta da rautar, na sake rubuta kalmar da hannuna kamar yadda nake rubutawa a talabijin. Wayar da ta shekara tana haɗuwa ta ƙi. Na zauna ina kallonta. Ke nan ba bango ba ne, ba layi ba ne, ba lambobin Abuja ba ne.

Na sami Baba a zaure yana sauraren rediyo. Na miƙa masa wayar, wannan karon ban kau da kai ba, na tsaya a bayan kafaɗarsa. Ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa a kan harafin k, bai ɗaga ba, ya danne shi har wani ɗan akwati ya ɓullo, ya zaɓi mai lanƙwasa a ka. Sannan ya ci gaba da sauran. Wayar ta haɗu nan take.

Na ce, "Baba, da ƙugiya kas sa ta?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Da mi zan sa ta? Akwai wani kifi wai shi karfasa?"

Na ruga ɗakin Yaya na buɗe allon rubutun na'urar. Na danne k har yatsana ya yi ciwo, ba abin da ya fito. Na shiga shafin baƙin haruffa. Akwai masu ɗigo biyu a ka, akwai masu hula, akwai masu wutsiya a ƙasa, haruffan mutanen duniya kala-kala, amma namu mai ƙugiya babu shi. Duk kwanakin nan ina buga ƙofa da makullin da ba nata ba, kuma na'urar ba ta ma da irin makullin.

Maganin ɗaya ne, a canza kalmar. Hanyar shiga saitin rautar tana rubuce a ƙasanta, zan iya yi ba da saninsa ba, amma gidansa ne, kuma wayarsa ce za ta fara tona ni. Na koma zaure na durƙusa na yi masa bayani, na ce a cire ƙugiyar kawai. Ya ce ba da shi ba. Ya ce ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana hana 'ya'yan mutane wannan aika-aika, ba zai zo ya kafa ta a tagar falonsa ba. Raina ya ɓaci, na kusa faɗin abin da ba a faɗa wa uba. Na haɗiye, na ce masa gobe kwalin zai koma Abuja, kuma wannan ne abu ɗaya da Yaya ya nuna yana so tun da aka sallamo shi.

Ya kashe rediyon. Sannan ya ce, "Ba za a ɓata kalma ba. A nemo wani kifin."

Muka shiga lissafa kifayen tafki, ni da shi. Na ce tarwaɗa, ya ce tana da ƙugiya a tsakiya. Na ce ƙurungu, ya harare ni. Inna ta leƙo ta ce in duk kifin kirki da ƙugiya yake zuwa, ai ba abin mamaki ba ne, da mi ake kama shi? Baba ya yi dariyar da ya so ya ɓoye. A ƙarshe ya ce giwar ruwa, kuma ya tsaya a kaina ya tabbatar na rubuta giwar, ba giwan ba kamar yadda ake faɗa a bakin kasuwa.

Na shigar da ita a na'urar. Zoben ya juya sau kaɗan, layukan gwajin suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da alamar nasara. Na yi wata irin rawa a tsakar ɗakin da ban taɓa yi gaban Yaya ba. Sai na'urar ta ce sai ta sabunta kanta, ta cinye rabin yinin, ina zaune ina gadin batirin sola kamar mai gadin tukunya. Da ta gama, gayyatar abokin ta ƙi shigowa. Ya sa na koma saitin rautar na kunna wani maɓalli da ke bai wa na'ura damar buɗe wa kanta hanya. Wannan bai ba ni wahala ba, a lokacin ji nake ko injin jirgin ruwa aka kawo zan gyara.

Bayan la'asar gayyatar ta shigo. Na ajiye hannun wasan a kan cikin Yaya na koma bakin ƙofa. Ya ɗauka kamar ba ya so. Aka take wasa. Abokin ya ci shi ɗaya, ya ƙara. Daga ɗakin zuwa tagar falo akwai bango biyu, don haka hoton yana ɗan tsayawa, 'yan wasan Yaya su daskare a tsakiyar fili, kafin su motsa ƙwallo tana raga. Da ta uku ta shiga ya jawo wayarsa daga ƙarƙashin matashi, ya kira da kansa.

"Kai, ba kai ka cina ba, netuwok na. Tsaya nan, kak ka tahi ko'ina."

Ina jin dariyar abokin tana fitowa ta wayar. Yaya ya juyo ya ce in kawo rautar ɗaki. Na ce ya gani da idonsa, in ta bar taga sabis ya tafi. Ya ce to a yi yaya. Na ce ni dai talabijin zan iya ɗauka in kai falo, saura kuma ba nawa ba ne.

Ya dube ni, ya dubi ci uku da ke saman allon. Sannan ya yaye zanen da ke ƙafarsa ya ce in miƙo masa sandunan asibiti daga bayan ƙofa.

Ya daɗe kafin ya miƙe, gumi ya jiƙa masa riga, kuma da na kai hannu ya ce in bari. Inna ta ajiye rariya ta bi shi da ido har ya tsallake tsakar gida. Baba ya fito daga zaure, ya riga shi shiga falo, ya janye kujerarsa da ba mai zama a kai, ya juya ta ta fuskanci inda zan ajiye talabijin.