Tayar Gaban Baba Altine

Ni ɗan manomin albasa ne daga wani ƙauye kusa da Aliero, amma ban gaji noma ba. Tun ina ƙarami hannuna ya fi son ƙarfe. Na koyi gyaran babur a Jega, har na kafa rumfata a bakin hanyar shiga kasuwa. Aikin taya aka san ni da shi: faci, miƙar da wili, wato ƙarfen da ake sa wa taya, idan ya lanƙwashe, da ɗaurin sifok, siraran ƙarafan nan da ke riƙe da shi. Ba yabon kai ba, in na juya taya sau ɗaya na kasa kunne, na san ciwonta. Allah ya ba ni wannan baiwa, ni kuma na je na yi abin kunya da ita.

Mutanenmu na ƙauye suna da wata ɗabi'a ranar kasuwa. Mutum zai sauke buhunansa, ya miƙa maka makulli, ya ce a duba masa babur, ya shige kasuwa abinsa. Ba ka ƙara ganinsa sai la'asar. Ba ya tambayar me ka cire ko me ka sa. Ta wannan ƙofar na shiga.

Da boris na fara, wato ƙwallayen ƙarfen nan da taya ke juyawa a kansu. In na ga sabo sai in zare, in cusa tsoho, in shafe da giris. Daga nan na koma sassauta sifok biyu ko uku, don mai babur ya dawo wani makon yana kukan taya na rawa. Kafin a jima na kai ga musanya wili sukutum. Ina ce wa kaina ai abu kaɗan ne, ba wanda zai mutu. Abokai suka yi mini yawa, kullum rumfata cike da masu cin tsire da raha, suna kirana injiniya.

Cikin masu kawo mini aiki akwai wani dattijo, Baba Altine, Bafillace da ke zaune kusa da Gumbin Kure yana noma da kiwo. Ya sayar da bijiminsa ya sayi sabon babur. Duk zuwan da zai yi sai ya riƙo mini fura da nono a gora. Wata rana ƙusa ta huda masa tayar gaba, ya turo babur ɗin har rumfata, ya ba ni makulli.

“Ɗana, ga shi nan, ka yi mai abin da ya dace,” in ji shi. “Ni ban san ƙarhe ba, shanu nis sani.”

Yana ba da baya na kwance wilin gaban nan sabo fil. Ina da wani tsoho da ya taɓa tsagewa, na yi masa walda na fesa fenti. Shi na ɗaura masa. Ina aikin ina kurɓar furarsa. Da ya dawo ya sa mini albarka, na amsa da amin. Sabon kuwa na sayar wa wani ɗan kabu-kabu, mai haya da babur.

Bayan mako biyu Baba Altine ya ɗauko buhun gero zai kai Maiyama. Ya faɗa rami, waldar ta balle, wilin ya rabe, babur ya danne masa ƙafa. Sai da aka yanke ta daga gwiwa. A rumfata aka ba da labarin, kowa ya ce Allah ya sawwaƙe, ni ma na faɗa tare da su.

Abin da ban sani ba, ashe alamar da gidansu ke yi wa shanu ita Baba Altine ke yi wa duk abin da ya mallaka, daga sanda har ƙwarya. Ranar da ya sayi babur ya zauna da wuƙa ya zana ta a jikin wili, kusa da bakin iska: zane uku, ɗaya ya gitta su. Na gani a lokacin, na ɗauka ƙarzuwa ce. Ɗan kabu-kabun nan ya kai fasinja Gumbin Kure, ƙanen Baba Altine ya hango alamar gidansu a tayar baƙo. Aka tambayi ɗan kabu-kabun inda ya samo, ya ambace ni. Da 'yan sanda suka buɗe bayan rumfata, suka tarar da tarin kayan mutane. Alƙali ya yanke mini shekara uku.

Ba yunwa ko zafi ne ya fi ci mini rai a gidan yari ba, ranar ziyara ce. Ganduroba zai tsaya yana kiran sunaye, ni ina jingine da bango ina kasa kunne. Ba a taɓa kiran nawa ba. Masu cin tsire ko sallahu ba su aiko ba. Matata ta koma gidansu, ban kuma ga laifinta ba. Rasuwar mahaifina ma a bakin wani sabon fursuna ɗan garinmu na ji, bayan an yi sadakar arba'in. Na yi kuka ranar, ba wanda ya ce mini sannu.

Da aka sake ni ban nufi gida ba, Gumbin Kure na nufa. Na sami Baba Altine zaune a gindin bishiya, sandar dogarawa a gefensa, ita ma da zane ukun nan a jikinta. Na durƙusa na faɗi abin da na yi, ban rage komai ba, na roƙe shi gafara.  Sai ya sa aka kawo mini fura.

“Ƙahwa dai, Allah yab ba ni, shi yak karɓi abinai, na yahe maka,” ya ce. “Amma tun ran nan ban koma ba kowa kayana in juya baya ba, ko ƙanena. Wanga shi kac cire min, ɗana, kuma ba ka da inda za ka samo shi ka maida.”

Na kasa shan furar.

Yanzu ina faci a gindin wata bishiyar dogon yaro kusa da Birnin Malam. Na tuba, ina kuma roƙon Allah ya karɓa. Masu kawo mini aiki kan tsaya a kaina har in ɗaure notin ƙarshe, su karɓi abinsu su tafi ba hira.

Ku samari masu koyon sana'a, kada ku ce abu kaɗan ne. Ni ma da boris ɗaya na fara. Idan mutum ya miƙa muku makullinsa ya ba da baya, ku sani ya ba ku abin da ya fi babur ɗin tsada, ku riƙe shi da kyau. Ni tun da na fito ba wanda ya sake ba ni makulli ya tafi, kuma kowace ranar kasuwa sai na sa rai.