Hoton Yaya a Bangon Asibiti

Yayata mai shara ce a babban asibitin yankinmu, ko in ce a da, don yanzu ba ta can. Ni tela ce. Cikinmu ɗaya, amma ita ta raine ni, shi ya sa har furfura ta fara leƙo mini ban taɓa kama sunanta ba, Yaya nake cewa. A asibiti kuwa Iya Mai Bokiti suke kiranta, tun daga likita har mai gadi.

Ɗakin jira nata ne, da doguwar barandar da ta bi ta gaban ɗakin masu ciwon ƙirji. Duk abin da ya fito daga bakin mutum ko hancinsa ya taɓa ƙasa, ita ce mai kwashewa. Tafin hannunta ya tsattsage saboda ruwan magani, in ta shafa yadi a shagona har jin ƙarar kake yi. Ba zan ce muku waliyyiya ba ce. Baki gare ta kamar reza. Ta taɓa tsayar da wani sabon likita da ya tattaka mata inda ta goge, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ranka ya daɗe, takalmin naka ma ya yi karatun ne, ko kai kaɗai ka yi?" Tun daga ranar ta gefen bango yake bi.

Mijinta mai gyaran rediyo ne, yana da ɗan shago a ƙofar gida, faɗinsa bai wuce tabarma ba. Yana da asma tun ƙuruciya, kuma duk zafin Yaya shi sanyi ne da shi. Ni ce abokiyar tsokanarsa. In na kai masa riga sai ya ɗaga ta ya ce, "Ƙanwata, wannan ɗinki naki kamar sawun mashayi." Ni kuma in ce ai duk rediyon da ya shiga hannunsa da tari irin nasa yake fitowa. Ya yi ta dariya har ƙirjin ya kama, Yaya ta fito ta haɗa mu ta wanke tas.

Shekarun baya asibitin ya miƙa aikin shara ga wani ɗan kwangila. Bokitin bai canja ba, barandar ba ta canja ba, amma aka wayi gari Yaya ba ma'aikaciyar asibiti ba ce, ta kamfani ce. Aka ɗora musu wani shugaba da suke kira Oga Ba-Ruwana, don ba ya iya buɗe baki bai faɗi kalmar ba. Lokacin ba mu ɗauki abin a bakin komai ba. Ashe nan gizo ke saƙar.

Da lokacin mura ya kama, ba irin murar da ake sharce hanci a wuce ba, irin mai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da ke kwantar da ƙato, sai ɗakin jira ya cika har waje. Asibitin ya tashi da wayar da kan jama'a. Suna da shiri a rediyo duk mako, suna da takardar labarai da ake rabawa kyauta a ƙofa. Wata safiya jami'in yaɗa labaransu, wani saurayi mai ƙamshin turare da ake kira Mai Kyamara, ya zo ya sami Yaya tana matse tsumma. Ya ba ta sabuwar riga, ya ba ta takunkumi fari ƙal, ya tsayar da ita gaban famfo tana wanke hannu.

"Iya, ɗan sauke takunkumin mu ga murmushi. Yauwa! Kin fi 'yan fim."

Da ya gama ya karɓe rigar, ya ninke, ya tafi da ita.

Duk da haka Yaya ta ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ranar da takardar ta fito ta kawo gida a naɗe cikin gyale, ta kira ni in zo in gani. Ga ta nan, haƙora waje. Karatunta bai yi nisa ba, sai mijin ya sa tabarau ya karanta mana abin da ke ƙarƙashin hoton: "Mu ma'aikata mun yi allurar rigakafin mura. Kai fa?"

Ya sauke tabarau ya ce, "Yaushe aka yi miki allura ba ki gaya mini ba?"

"Wace allura?"

Washegari ta nufi ɗakin rigakafi. Wata ƙaramar nas ce a wurin, yarinyar kirki, ta kasa haɗa ido da ita.

"Iya, ki yi haƙuri, an ce wannan ta ma'aikata ce tukuna."

"To ni mece ce? Kallo nake zuwa?"

"An ce ku na kamfani ne. Kamfaninku ne zai nema muku."

Ta je wurin Oga. Ya ce ba ruwansa, shi tsintsiya da sabulu aka ba shi kwangila, ba allura ba. Ta koma ofis, ofis ya ce ta koma wurin Oga. Haka suka yi ta yi mata je-ka-ka-dawo har ƙafarta ta gaji. A tsakanin nan da idonta ta ga matan manya da direbobinsu suna shiga ta ƙofar baya, suna fitowa da auduga dafe a damtse. Ita ta bi sawunsu ta goge. Ta jama'ar gari kuwa, irin su mijinta da aka ce masu asma su ne a gaba, kullum rediyo cewa yake tana nan tafe, a saurari sanarwa. Shi kuwa sauraro ai sana'arsa ce. Ya saurara.

Takunkumin da aka ba ta ranar hoto shi ta yi ta wankewa tana shanyawa har ya zama kamar yanar gizo. Na ɗinka mata na yadi. Amma mutumin da ya wuni yana kwasar majina a ɗakin da kowa ke tari, me ƙyalle zai yi masa? Wata ranar ta dawo idanu jajur, jiki kamar garwashi. A daidai lokacin rediyon da ke shago yana cewa, da muryar nan mai daɗi, duk wanda ya ji zazzaɓi ya zauna a gida don kada ya shafa wa wasu.

Ta gaya wa Oga haka da safe, tana jingine da bango. Ya nuna mata ƙofar asibiti da baki.

"Kin ga matan can da ke zaune? Bokitin nan suke jira. In kin tafi hutu ki huta gaba ɗaya. Ni ba ruwana."

Ta ɗauki bokitinta. Da zazzaɓin ta goge barandar masu ciwon ƙirji, tana tari cikin gyale, hotonta na mata murmushi daga bango. Allah kaɗai ya san ko su nawa ta shafa wa. Wannan ma wani abu ne da har yau yake cin ta.

A gida ta yi iya yinta. Ta ware kofinta, ta fitar da shimfiɗarta tsakar gida. Mijin ya ce shi bai san wannan zance ba, ba zai bar ta a waje da zazzaɓi ba, ya jawo shimfiɗar ya mayar ciki. Ɗakin nasu taga ɗaya ce. Ita ta fara samun sauƙi, shi ya kwanta. Murar ba ta tsaya masa a hanci ba, kai tsaye ƙirji ta sauka. Da rana tsaka muka ɗauke shi zuwa asibitin, numfashinsa yana fita kamar ana jan ƙofa mai tsatsa. Babu gado. Aka zaunar da shi a benci a ɗakin jira, kuma wallahi ba ƙari nake ba, daidai ƙarƙashin fostar da suka liƙa a bango mai hoton Yaya. Ya ɗaga kai ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce da ƙyar, "Ƙanwata, ko a hoto yayarki faɗa take shirin yi." Ita ce tsokana ta ƙarshe da ya yi mini.

An samu gadon daga baya, an sa masa iska, likitocin da ke ɗakin sun yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsu ba. Amma ciwon ya riga ya ci huhun. Bai fito ba.

Likitan da ya duba shi, wanda ta taɓa yi wa faɗan takalmi, ya kira Yaya gefe. Ya ce kada ta ɗora wa kanta, ba wanda zai iya cewa daga ina ya ɗauka, mutane nawa ke shiga shagonsa, kuma allurar ma ba ta tare komai da komai. Ta saurare shi har ya gama.

"Na gode, likita. Amma ni na san wa ya fara tari a gidan nan."

Masu zuwa gaisuwa kowa da abin da yake faɗa, haƙuri, ƙaddara, kwana ya ƙare. Na yarda da duk wannan. Amma ƙaddara ba ita ta rubuta ƙarya a ƙarƙashin hoton yayata ba, mutum ne ya zauna a kujera ya rubuta. Daga asibitin ba wanda ya tako sai 'yan uwanta masu shara da tsohon mai gadi.

Ta koma aiki, don ciki ba ya san makoki. Ta daina faɗa da masu taka mata ƙasa, abin da ya fi komai tayar mini da hankali. Har shekara ta zagayo, mura ta dawo. Sai ga shi an sake buga fostar nan, wannan karon ƙatuwa, an kafa ta a bakin ƙofar shiga. Ta je ɗakin rigakafi, aka sake ce mata ta ma'aikata ce tukuna.

A nan tura ta kai bango. An shirya taron lafiyar jama'a a harabar asibitin, da rumfa da lasifika, shugaban asibiti zai yi jawabi. Yaya ta zauna a shagona tana tsara abin da za ta faɗa, tana maimaitawa, ina gyara mata. Magana ce mai kai da gindi, da ta faɗe ta da ko dutse ya ji kunya. Ranar taron ita ta goge kujerun. Na zauna a baya cikin mata. Shugaban ya miƙe, ya yaba wa jajirtattun ma'aikata, ya nuna fostar da hannu ya ce ga abin koyi, aka yi tafi.

Yaya ta ajiye tsumma ta fito tsakiyar fili. Ta buɗe baki, duk abin da muka tsara ya gudu.

"Ƙarya ce," ta ce. Ta sake cewa, da ƙarfi, "Ƙarya ce! Ba a yi mini ba!"

Wasu suka yi dariya, sun zaci taɓin hankali ne. Sai ta juya ta kama fostar da hannu biyu ta fizgo. Ba takarda ba ce, irin ledar nan ce mai tauri, ta ƙi yagewa, ta yi ta ja tana kuka har ƙusoshin suka fita. Ni ban san lokacin da na hau kan kujera ba. Na faɗi sauran, ba yadda muka tsara ba, da ashar a ciki, Allah ya yafe mini. Na ce mijinta a ƙarƙashin hoton nan ya zauna yana neman numfashi. Na ce su tambayi duk mai riƙe da tsintsiya a wurin ko an taɓa tsira masa allura. Mai Kyamara ya sauke kyamararsa, wannan bai ɗauka ba.

Tsohon mai gadi ne aka turo. Ya tsaya nesa da ita ya ce, "Iya, don girman Allah ki taho da ƙafarki, kada ki sa in taɓa ki." Ta bi shi. Kafin la'asar Oga ya aiko a ce kada ta sake zuwa.

Da safe masu shara suka zo, suka kife bokitansu a baranda suka zauna a kai. Ba su yi waƙa ba, ba su ɗaga kwali ba, zama kawai. Kafin hantsi ɗakin jira ba ya shiguwa. Babbar nas ce ta fito, wata dattijuwa da ba ta dariya, ta dube su, ta koma ta buɗe firij ɗin rigakafi da kanta ta ce su yi layi, wanda zai tuhume ta ya same ta a ofis. Duk aka yi musu allurar. Takardar labarai ta gaba ta fito da hoton shugaban yana murmushi, wai asibiti ya faɗaɗa rigakafi ga kowa saboda kishin ƙananan ma'aikata. Kura da shan bugu ke nan. Yaya ba a kira ta ba, ba a ba ta haƙuri ba, ko sunanta ba a ambata ba.

Yanzu a shagona take, tana guga tana kalmasa bakin zane. Kalmasar tata ba ta da kyau, kuma ta kore mini masu kawo ɗinki ba ɗaya ba, ba biyu ba, don bakin nan nata ya dawo, har ya fi da. Na fi son hakan.

Bana da sanyi ya fara shigowa, ta ji an ce ana rigakafi a ƙaramin asibitin unguwa. Ta shigo ta dafe mini kan keke ina tsakiyar ɗinki.

"Tashi mu je."

"Yaya, na zaci kin yi fushi da mutanen nan."

"Da su nake fushi, ba da allura ba. Tashi."

Ta bi gida gida ta tattaro tsofaffin layinmu, har da mai wankin da ke cewa shi tafarnuwa ta ishe shi, ta sa mu gaba kamar awaki. Da layi ya zo kaina na runtse ido na ƙanƙame hannunta. Ta dubi nas ɗin ta ce, "Kin ga abin kunya? Tela ce fa. Wuni take tana soka wa kayan mutane allura." Sai da aka gama da kowa, ta tabbatar mai wankin bai sulale ba, sannan ta zauna ta naɗe hannun rigarta.