Cizal ɗin Injin Taubashina

Ni ne na ɓata cizal ɗin, kuma ni ne na bar mutumin kirki ya yi kusan rani guda yana zargin idonsa. Na faɗi haka tun da farko don kada wani ya wahalar da kansa wajen nema mini uzuri.

A shekarun nan na dubu biyu da 'yan kai, sana'ata washi ce. Ina da rumfa a bakin titi a Kura, da dutsen washi mai juyawa da na haɗa da fedar keke. Lokacin yankan shinkafa ko alkama lauje ne ke taruwa a gabana, sauran kwanaki kuma wuƙaƙen mahauta da gatari da fartanya. Karatuna bai wuce firamare ba, amma a kan kaifi ina ganin ba a haifi wanda zai koya mini komai ba.

Jikin rumfata akwai shagon kafinta na ɗan kawuna. Ya girme ni, amma da yake mu taubasai ne, girman bai taɓa hana ni tsokanarsa ba. Da safe zai ce, "Kai bawa, ka share mini ƙofar shago?" In ce, "Yaushe ubangida ya fara riƙe tsintsiya? Je ka ɗebo mini ruwa a kanal tukuna." Masu jiran mota su yi ta dariya.

Wata shekara ya sayo tsohon injin huda katako daga Kano. Kafin nan, ramin da ake cusa harshen katako a ciki in za a haɗa ƙofa ko gado, da guduma yake sassaƙa shi, hannu duk kanta. Injin kuwa yana da cizal mai kusurwa huɗu, cikinsa rami ne, a ramin kuma akwai wani ƙarfe murɗaɗɗe da suke kira bit. Bit ɗin na juyawa yana cin katako, cizal na bin sa yana daidaita kusurwa. Ya ja hannun injin ƙasa, ya ɗaga, sai ga rami tsaf. Manoman rani da suka sayar da tumatir suka fara sabon gini duk wajensa suke kawo aikin ƙofa da taga.

Rannan na ji yana mita cewa cizal ya dakushe, ya wasa shi amma bai gamsu ba. Washegari ya tafi kasuwar Bunkure kai gadaje, ya bar mini makulli kamar kullum. Na shiga na kwance cizal ɗin. Niyyata biyu ce: in taimake shi, in kuma samu abin yi masa gori har shekara. Na ɗora shi a dutse na ci gefe huɗun nan daga waje, yadda nake yi wa gatari. Bit ɗin ma na bi bayansa da magagari. Na goge da samfefa da ɗan mai har yana ɗaukar ido, na mayar na ɗaure. Na ce ba zan faɗa ba sai ya yaba.

Da ya tada janareta ya ja hannu, cizal ya shiga katako ya maƙale. Ya danna da ƙarfi, hayaƙi ya tashi, ƙauri ya cika shagon. A huda ta uku ko ta huɗu muka ji ƙas, kusurwa ɗaya ta tsage, bakin ya yi shuɗi don zafi.

Ya kwance shi ya zo bencin mai shayi inda nake zaune cikin mutane. Yana ta nisanta shi da fuskarsa yana matse ido, yana shafawa da babban yatsa.

"Wannan daga ciki ake wasa shi," in ji shi. "Bayansa ba a ci, shafawa kawai ake yi a kan dutse mai laushi don a cire ƙaiƙayin ƙarfe. In baki ya fi jiki siranta dole ya maƙale. Ji nan. Na cinye shi da hannuna ban gani ba. Dama kwanan nan layin fensir bibbiyu nake ganinsa."

Nan take na gane abin da na yi. Kalma ɗaya ta isa in faɗi gaskiya. Amma ga mahauta, ga masu lauje, mutanen da ke kawo mini ƙarfensu saboda sun yarda na sani. Sai na ji bakina ya ce, "To, makahon kafinta, mu nemo maka ɗan jagora ne?"

Aka fashe da dariya. Shi ma ya yi, don maganar taubashi ba a fushi da ita. Sunan kuwa ya bi shi. Abin da na faɗa a matsayin zolaya, wasu suka ɗauke shi labari. Wani mai albasa da zai ba shi aikin ƙofofin gida ya kai aikin Garun Malam. Taubashina ya rufe injin da buhunan taki, ya ce ba zai sayi wani cizal ya sake ɓatawa ba. Ya karɓi aron fili a bakin kanal ya koma dashen albasa, mutumin da rabonsa da fartanya tun yana saurayi.

Na taɓa gwada faɗa masa. Muna dawowa daga masallaci na ce, "Ka san fa ni na wasa cizal ɗin nan." Ya kalle ni ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai? Bawa ya taɓa injin ubangidansa? Tausayina kake ji, ko so kake a ce ka iya?" Na taya shi dariya, raina kuma ya yi sanyi da bai yarda ba. Wannan ya fi ɓata cizal ɗin muni, don a lokacin na san komai.

Abin da ya tashe ni shi ne ranar da gwaggon yara, matarsa, ta gaya wa matata cewa wani zai zo daga Dawakin Kudu ya duba injin ya saya. Na rufe rumfa na hau mota zuwa Kano. Na yi ta yawo wajen masu tsofaffin kayan aiki har na samu cizal irinsa da bit ɗinsa, dakusasshe amma lafiyayye. Ban taɓa shi da komai ba. Na naɗe shi a tsumma yadda na same shi.

Injin nan yana aiki har yau. Idon nasa ashe tabarau kawai yake so, aka yanka masa a asibiti. Shi ya koya mini yadda ake fiƙe itace ya yi tsini, a naɗa masa samfefa, a cusa a bakin cizal a riƙa murzawa a hankali har kusurwoyin su fito kamar ƙaya, da yadda ake bin leɓen bit da ƙaramin magagari daga ciki, a bar 'yar tazara tsakanin bit da cizal in an ɗaura don kada su yi zafi. Yanzu kafintoci daga Bunkure ma ni suke kawo wa nasu. Amma duk wannan daga baya ne.

Washegarin dawowata daga Kano na same shi a gona da hantsi, an sako ruwa, yana duƙe cikin laka har idon sawu. Ya ɗago ya gan ni ya ce, "A'a, bawa ya zo aikin gayya? Ina fartanyarka?"

Ban rama ba. Na cire takalmi na shiga lakar, na durƙusa a gabansa na miƙa masa tsumman da hannu biyu. Ya buɗe, ya shafa bakin cizal ɗin, ya dube ni. Dariyar ta bar fuskarsa.

Na ce, "Yaya, yau ba taubashinka ne ke magana ba, ƙaninka ne. Wallahi ranar da ka tafi Bunkure ni na kwance shi na ci bayansa a dutse, da bit ɗin duka. Hannunka bai yi kuskure ba. Na sani tun a wajen mai shayi, na ji kunyar mutane na mayar da abin kanka, na sa maka suna, na kore maka aiki. Kada ka sayar da injin nan. Gobe zan tsaya a bencin nan in faɗa da bakina kowa ya ji. Na cuce ka, Yaya. Don Allah ka yafe mini."