Ranar da aka hana Mma ɗaukar jikanta

Shekarun baya, muna gidan haya a unguwar Maamobi, aka gano ciwon daji a nonon mahaifiyata. Bayan tiyata likita ya ce saura gashi. Haka mutanenmu ke kiransa, gashi, sai ka ce masara. Ni nake raka ta. Za ta kwanta, inji ya auna mata haske daidai wurin, minti kaɗan mu fito mu nemi mota.

Wata maƙwabciya ta ji ɗanta ya ce ai injin na nukiliya ne. Shi ke nan fa! Kafin Juma'a har unguwar Nima an ji ana gasa Mma da wutar bom, kuma wai wutar na biyo ta gida.

Ni ma, da duk taƙamar bokona, sai da na ware mata kofi a ɓoye kwana uku. Da kunya ta ishe ni na tambayi matar da ke kunna injin. Ta yi dariya ta ce, "In kin kashe fitila, hasken na kwana a bango? Wannan haske ne mai ƙarfi, ya ratsa, ya kashe ƙwayoyin cutar, ya wuce. Waɗanda muke ba maganin da ke fitar da hasken su haɗiya, su ne ke nisantar yara na 'yan kwanaki. Mamanki ba ta cikinsu."

Ana nan matar yayana ta haihu, jikan Mma na fari. Ranar suna Mma ta ci ado, ta shiga ɗaki ta miƙa hannu biyu. Sai uwar mai jego ta tare ta. "Gafara, Hajiya, daga nesa dai. Jikinki da wuta, jinjiri ba zai iya ba."

Mma ta sauke hannunta, ta cusa su cikin mayafi. Wallahi raina ya ɓaci.

Na ce wa uwar mai jego, "Hajiya, da girmanki, mako biyar ke nan gado ɗaya muke kwana da Mma, ni ke wanke mata wurin. Kin ga na ƙone?" Na sunkuya, mai jego da kanta ta sakar mini yaron. Na ɗora shi a cinyar Mma na ce, "Wadda ta fi likita sanin nukiliya ta zo ta karɓe shi."

Ba wadda ta motsa. Mma ta riƙe shi har aka kira la'asar, tana ta yi masa magana ƙasa-ƙasa.

Har yau a dangin can sunana mara kunya. Na karɓa, kuma ban ba kowa haƙuri ba. Gashin ya ƙare lafiya, amma ciwon ya dawo ta wani wurin, Mma ba ta ga yayen yaron ba. Da na yi kawaici ranar nan, da ta tafi ba ta san nauyinsa ba.