Dami na Goma a Babban Mutum

Daura

Ana sallame asuba muka bar Daura a motar kanta, ni da direba Malam Idi. Alhaji Sabo ne ya aike ni, ɗan wan babana, wanda Allah ya buɗa wa har ya manta yadda ake tayin tiyar gero. Aikina in kwaso masa geron gonarsa ta Babban Mutum, a kulle a sito sai ya yi tsada. Ni malamin firamare ne, albashina bai taɓa ganin tsakiyar wata ba, shi ya sa ba na ƙin aike.

Zango

A nan muka karya. Ƙosai ya ƙanƙance har Malam Idi ya tambayi mai tuyar ko ƙwayar magani take sayarwa.

"Je ka tambayi masu ɓoye wake," in ji ta.

Na dai duƙufa kan kununa, don maganar ta same ni. A shingen jami'an tsaro na gaba aka leƙa motar, aka ga wayam, aka ɗaga mana hannu.

Babban Mutum

Da hantsi muka isa gona. Dammuna jibge kamar ɗakuna, ga kuma wani ƙaramin tari a gefe. A can haka ake yi tun kakanni: in an ɗaure tara, na goma a ware shi, zakka ce ta mabuƙatan garin da aka yi noman. A inuwa mata tsofaffi na zaune suna jira. Cikinsu na hango Inna Hajo, wadda ta shayar da ni da Alhaji fura muna yara in an kawo mu hutu. Mijinta ya rasu, rumbunta ya ƙare tun damina. Ta rame ƙwarai, na ji zuciyata ta karye.

Na kira Alhaji a waya.

"A loda duka," ya ce. "Da azumi nake rabo a ƙofar gidana."

"Yaya, kafin azumi fa me za su ci?"

"Kai na aika ko mai wa'azi?"

Raina ya ɓaci, amma ɗan abin da zai ba ni shi ne cefanen gidana. Sai kawai na miƙa wa Inna wayar. Ta riƙe ta nesa da kunne, ta ɗaga murya.

"Sabo ne? Ɗan nan, har yanzu ba ka shan fura sai da gaya? Allah ya ƙara buɗi. Ka gaida yara."

Ko kalmar gero ba ta furta ba. Na karɓi wayar na kara a kunne. Can Alhaji ya ce, "A bar na goma. A fara da ita."

Dawowa

Bayan la'asar muka shigo Daura, mota ba ta cika ba, Malam Idi na ta murna tayoyinsa sun huta. Na ba Alhaji curin furar da Inna ta ƙulle masa a ganye. A tsaye ya gutsura, ba nono ba sukari, ya daɗe yana taunawa.

"Baɗi ma can za a bar na goman," ya ce. "In za ka, ka biyo mu tafi tare."

Alhamdu lillahi da ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya. Allah ya saka wa Inna Hajo da alheri.